Matsar da bangon cikin fulat: nawa zai ci, kuma sai an nemi izini?

Uwar_Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin gini a taimaka min da shawara. Mun sayi fulat ne ni da maigida a hawa na uku na wani bene mai hawa shida, ɗaki biyu da falo da kicin, komai ya yi mana daidai sai abu ɗaya, ɗakin yara ya yi ƙanƙanta sosai, da aka saka gado biyu ko ƙofar wadrob ba ta buɗuwa gaba ɗaya sai ta daki gado, alhali falon yana da faɗi har akwai ɓangaren da ba ma amfani da shi sam. Shine nake tunanin a matsar da bangon da ke tsakaninsu ya shigo cikin falo kamar ƙafa uku haka, yara su samu wurin ajiye teburin karatu.

Bangon na bulo ne da filasta, tsawonsa kamar mita 4, tsayi kusan mita 3, akwai soket biyu ta gefen falo da inda muka rataye talabijin, ta gefen yara kuma suwic ɗin fitila da na fanka. Mun kira wani magini ya zo ya ƙwanƙwasa shi da hannu ya ce ai wannan ba wani aiki bane, a fasa a sake jera bulo a gaba shikenan, kuma wai ba sai an gaya wa kowa ba tunda gidanmu ne da kuɗinmu muka saya. Maigida ya gamsu amma ni gaskiya hankalina bai kwanta ba, akwai mutane hawa uku a samanmu akwai kuma na ƙasa, ina tsoron mu taɓa abin da zai shafi wani.

To tambayata, irin wannan aikin sai an nemi izini? In eh, wurin wa, kwamitin masu gidajen benen ne ko hukuma? Sannan kuɗin, abin da maginin ya faɗa ya yi min araha da yawa har na fara zargin akwai abubuwan da bai lissafa ba. Wanda ya taɓa yi ko ya san harkar dan Allah ya min bayani dalla-dalla. Na gode.

Tsohon_Ɗan_Haya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Hajiya abin da na sani shine a duba kaurin bangon, in bulo inci 6 ne to na raba ɗaki ne kawai, in inci 9 ne shine mai ɗauke da nauyi, kuma in kika ƙwanƙwasa kika ji yana ƙara kamar fanko to ba komai a kansa. Amma dai ki jira masana su zo, kuma ko ba komai ki gaya wa maƙwabta saboda ƙarar guduma, musamman na ƙasanku su za su fi jin ta.

Injiniya_Bene ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya, rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya, ki riƙe shi. Malam Tsohon_Ɗan_Haya Allah ya saka da alheri amma zan ɗan gyara, kauri da ƙwanƙwasawa alama ce kawai, ba hujja bace. Bulo mai rami ko yana ɗauke da nauyi ko baya ɗauke da shi ƙarar fanko zai yi, sannan akwai bangon kankare sirara da kaurinsu bai wuce na bulo inci 6 ba amma su ke riƙe da benen gaba ɗaya, in an shafe su da filasta da fenti ido ba zai bambance ba.

Abu na farko da nake so ki gane, bango ba a matsar da shi. Aiki biyu ne daban, rushe tsoho da gina sabo, kuma kowanne da tasa tambayar. Mutane duk hankalinsu na tafiya kan rushewa, ko bangon na ɗauke da nauyi ko a'a, su manta da ta biyun wadda a irin naku ma ita na fi ji, wato sabon bangon a kan me zai zauna?

Bari in fara da rushewar. Benaye iri biyu ne a taƙaice. Akwai wanda fila (ginshiƙin tsaye) da bim (ginshiƙin kwance) na kankare da rodi ke ɗauke da komai, bangon bulo cike gurbi kawai yake yi. Akwai kuma wanda bangon ne da kansa ke ɗauke da dakin ɗin sama (dakin shine shimfiɗar kankaren da ke raba hawa da hawa), ko dai bulo ko kankaren da aka zuba ko manyan allunan kankare da aka haɗa. Bene mai hawa shida galibi nau'in farko ne amma galibi ba tabbas bane, kuma ko a nau'in farkon sau da yawa akwai fila a ɓoye a cikin bangon, a ƙarshensa ko a tsakiya, magini na cikin fasa sai ya ci karo da rodi, in mai gaggawa ne ya sa injin yanka ya datse ya ce ai ƙarfe ne kawai. Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura ba, bangon da tun asali ba a gina shi don ɗaukar nauyi ba, bayan shekaru dakin ɗin sama yakan ɗan saki ya kwanta a kansa, ranar da aka cire shi sai dakin ya ƙara sauka kaɗan, maƙwabcin sama ya wayi gari ya ga tsaga a bangonsa ko ƙofarsa ta daina rufuwa. Ginin ba zai faɗi ba amma rigima ta samu, kuma ku za ku biya gyaran.

Ba tsoratar da ke nake ba amma abin ya taɓa faruwa ba sau ɗaya ba. A watan Janairun 2012 a birnin Rio na ƙasar Barazil wani bene mai hawa 20 ya rufta ya haɗa da gine-gine biyu na kusa da shi, an tabbatar da rasuwar mutum 17 wasu kuma ba a gano su ba, binciken 'yan sanda ya danganta abin da gyaran da ake yi a hawa na tara inda aka cire bangaye. Bayan nan ne a 2014 ƙasar ta fito da ƙa'idar cewa duk gyaran da zai taɓa jikin gini sai an kai wa mai kula da benen tsarin aikin da sa hannun injiniya ko mai zanen gini kafin a fara. A 2023 ma a Harbin ta ƙasar Sin wani ɗan haya a hawa na uku ya rushe bango mai ɗauke da nauyi a bene mai hawa 31, tsaga ta bi ginin ta haura sama, sai da aka kwashe iyalai sama da 200 daga gidajensu. Mutum ɗaya ne ya yi amma kowa ya kwana a waje.

Yanzu sabon bangon. Wanda ya zana benen ya san inda kowane bango zai zauna, yawanci ko ya sa bim a ƙarƙashinsa ko ya ƙara rodi a dakin ɗin wurin. In kuka matsa ƙafa uku kun sauka daga kan bim ɗin kun hau tsakiyar dakin, wanda kaurinsa sau da yawa bai wuce santimita 15 ba. Mu yi lissafi da awon da kika bayar, mita 4 sau mita 3 murabba'in mita 12 kenan. Bangon bulo inci 6 da filasta gefe biyu ya haura kilo 200 a kowace murabba'in mita, kinga ana maganar tan biyu da rabi zuwa uku, duk a jere a kan layi ɗaya siriri. Shi kuwa dakin ɗin gidan zama, nauyin mutane da kayan ɗaki da ake lissafa masa kilo 150 zuwa 200 ne a murabba'in mita, a baje ko'ina. Kamar faifai ne, in kika baza hatsi a kai zai ɗauka, in kika tara dutse a tsakiya sai ya lotsa. Ba lallai ya karye ba, amma zai iya lanƙwasa a hankali, silin ɗin na ƙasa ya tsage, tayil ɗinku ya fara ɗagowa.

Shi yasa a irin wannan na fi ba da shawarar a yi sabon bangon da allon jifsam, wato allon filasta mara nauyi, a kan firam na ƙarfe mara nauyi, ana jera ƙarafan tsaye tazarar santimita 40 ko 60, a rufe gefe biyu da allo mai kaurin milimita 12.5, a cusa audugar dutse, wani abu mai kama da auduga da ake yi daga dutse, a tsakiya saboda ƙara. Nauyinsa kamar kilo 25 zuwa 30 ne a murabba'in mita, wato duka bangon naku bai fi kilo 360 ba, kusan kashi ɗaya cikin takwas na bulo. Ko shi ɗin ma kafin a huda ƙasa a ɗaure firam a tabbatar wane irin dakin ne, akwai wanda ake ja da igiyoyin ƙarfe a cikinsa, in na'urar huda ta taɓa ɗaya daga ciki matsala ce babba, haka in akwai bututun ruwa ko na waya a binne.

Abin da za ki yi, ki nemo zanen ginin na asali, ba zanen ɗakuna kawai ba, wanda ke nuna fila da bim da rodi, yana wurin kamfanin da ya gina ko kwamitin benen ko ofishin hukumar da ta amince da ginin. Ki kira injiniyan gini mai rajista ya zo da ƙafarsa, ya leƙa fulat ɗin sama da na ƙasa ya ga ko bangon a layi ɗaya yake tun daga ƙasa, ya ɗan ɓare filasta a wuri biyu uku ya ga abin da ke ciki, sannan ya rubuta miki rahoto ya sa hannu da hatimi. Kar ki yarda da na waya ko na hoto, har ni ɗin nan da nake miki bayani ban ga bangon ba.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Innalillahi, Injiniya wallahi ko kusa ban kawo maganar nauyin sabon bangon a raina ba, shi kuma maginin bulo ya ce zai jera. Allah ya saka da alheri ya ƙara basira. Na nuna wa maigida ya karanta shi ma jikinsa ya yi sanyi. To saura maganar izinin, shi har yanzu yana ganin tunda mun biya kuɗin gida an ba mu takarda ba wanda zai hana mu gyara cikin ɗakinmu.

Sakatariyar_Kwamiti ta rubuta:

'Yar uwa sannu, ni ina cikin kwamitin masu gidaje a benen da muke zaune kuma wannan maganar ta maigidanki ita ce muke ji kullum, gidana ne da kuɗina. Ki ce masa ya ɗauko takardar sayen ya karanta da kyau. A mafi yawan tsarin mallakar fulat abin da mutum ya saya shine sararin cikin gidansa da abin da ke fuskar bango, amma fila da bim da dakin da bangon waje da rufi da manyan bututun ruwa da na bahaya da ke ratsa hawa hawa, waɗannan na kowa da kowa ne. Dakin ɗin da kike takawa shine rufin na ƙasanki. To in aikinki zai ɗora masa nauyi ko ya huda shi kinga ya fita daga cikin ɗakinki kenan.

Izini hawa biyu ne, wani wurin ma uku. Na farko na cikin gida, wato kwamiti ko kamfanin da ke kula da benen, in kuma mutum haya yake to mai gidan ne farko kuma a rubuce, ba wai ya ce a waya ba komai ku yi ba, domin ranar tashi zai iya cewa a mayar masa da bango yadda yake ko ya riƙe kuɗin ajiya. Mu abin da muke nema kafin mu sa hannu, zanen yadda wurin yake da yadda zai koma, rahoton injiniya, sunan wanda zai yi aikin da shaidar ya iya, ranakun aiki da awanni, da yadda za a fitar da ɓaraguzai. Wasu benayen suna karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarnar da za a iya yi wa lif ko matakala, in an gama lafiya a mayar.

Na biyu na hukuma, kuma wannan kowace ƙasa da kowane gari da dokarsa, dole ki je ofishin masu kula da gine-gine na inda kike ki tambaya da bakinki. Abin da ya zama kusan ruwan dare shine duk aikin da ya taɓa abin da ke ɗauke da gini sai da izini, ba makawa. Bangon raba ɗaki zalla wasu wuraren ba sa nema, wasu suna nema, musamman in za a canza wayarin ko bututu ko fasalin ɗakuna. A Singafo misali gidajen hukumar gidaje ta ƙasar ba a fasa bango ko wane iri sai da izininta, kuma sai ɗan kwangilar da ke cikin rajistarta. A Ingila akwai dokar 1996 ta bangon da maƙwabta suka haɗa, in aikinka zai taɓa irin wannan bangon ko dakin da ke tsakaninka da wani sai ka ba shi sanarwa a rubuce wata biyu kafin ka fara. Na kawo su ne ki ga abin ba son wahalar da mutane bane.

Masu ba da izinin ba ƙarfin gini kaɗai suke dubawa ba. Suna duba ko kowane ɗakin kwana zai ci gaba da samun taga da iska, ko hanyar fita in gobara ta tashi ba ta toshe ko ta matse ba, ko bangon na cikin waɗanda aka yi don tare wuta tsakanin gida da gida ko tsakanin gida da matakala. In da banɗaki ko kicin za ki faɗaɗa ma da abin ya fi haka tsauri, wurare da yawa ba sa yarda a kai wurin ruwa saman ɗakin kwanan na ƙasa. Naki tsakanin falo da ɗaki ne, da sauƙi.

Abin da ke sa nake nacewa, na ga yadda rashin takarda ke dawowa mutum daga baya. Wani a benenmu ya yi gyara a ɓoye, da tsaga ta fito a gidan na samansa kamfanin inshora ya ƙi biya tunda ba a sanar da kowa ba, shi ya biya daga aljihunsa kuma har yau ba sa gaisawa da maƙwabcin, abin ba daɗi wallahi mutanen da yaransu ke wasa tare. Sannan ranar da za ku sayar da gidan ko ku kai shi banki, in zanen da ke takarda bai yi daidai da abin da ke ƙasa ba ciniki na iya tsayawa, hukuma kuma tana da ikon cin tara ko ta ce a mayar da wurin yadda yake.

Shawara ta ƙarshe, kafin guduma ta taɓa bango ki shiga gidan na sama da na ƙasa da yardarsu ki ɗauki hoton bangayensu da silin, duk wata tsohuwar tsaga ta fito a hoto da kwanan wata. Yana kare ki yana kare su.

Birkila_Ne ya rubuta:

Salam. Injiniya da Hajiya sakatariya sun gama magana, ni ɓangaren kuɗi zan taɓa tunda sana'ata ce. Ba zan faɗi adadi ba Hajiya saboda farashin kaya da na ma'aikata ya bambanta daga wuri zuwa wuri kuma yana canzawa, duk wanda ya yanke miki kuɗi bai ga wurin ba kame-kame yake. Amma zan gaya miki inda kuɗin ke shiga ki auna da abin da maginin ya ce.

Zarginki gaskiya ne, fasawa da jera bulo su ne mafi araha a duk aikin, ba a nan gizo ke saƙar ba. Bangon naki in bulo ne kamar guda 120 ne, tunda kusan 10 ke shiga murabba'in mita, in jifsam ne allo 9 ko 10 masu mita 1.2 da 2.4 za su rufe gefe biyu, sai ƙarafa da sukurori da audugar ciki. Wannan kowa zai iya zuwa kasuwa ya tambaya ya lissafa. Abin da ke cin kuɗi shine raunin da tsohon bango zai bari. In aka cire shi za ki ga rami dogo a ƙasa faɗin bangon inda ba tayil, kuma wannan ramin yanzu a tsakiyar ɗakin yara zai kasance, ga kuma ƙafa ukun da aka ƙaro tayil ɗin falo ne a kai. In tayil ɗin ɗakin da na falo iri ɗaya ne kuma kina da ragowa a sito kin huta, in ba haka ba samun irinsa sak da wuya, ko an samu launin kan ɗan bambanta, ƙarshenta sai an sake tayil ɗin ɗakin gaba ɗaya. Wani lokacin ma ƙasan ɗakin da na falo ba tsayi ɗaya bane, sai an cike an daidaita. Silin ma haka, in na POP ne mai ado a gefe to duk zagayen sai an sake shi a ɗakuna biyun, fitilar tsakiya da fanka kuma sun tashi daga tsakiya sai an matsar.

Sai wuta. Soket biyu da suwic biyu da wayar talabijin, duk wayoyin nan ta cikin bangon suka sauko, mai wayarin zai kashe layin, ya zare, ya ja sabo zuwa sabon wuri, kuma in wayar ba ta kai ba kar ki yarda a yi mata ƙari a binne cikin filasta, a ja sabuwa daga akwati. Ki sa a duba ko akwai bututun ruwa ko na AC a ciki tun kafin a fara, in akwai to mai famfo ya shigo lissafi kuma kuɗi ya ƙaru sosai. Fenti kuma ba sabon bangon kaɗai ba, falo da ɗakin duka za a shafa in ba haka ba sabo da tsoho za su nuna.

Sai abin da masu gida ke mantawa, ɓaraguzai. Tan biyu da wani abu na fasasshen bulo daga hawa na uku, a buhu za a zuba lebura su sauke ta matakala tunda benaye da yawa ba sa bari a sa a lif, sannan mota ta kwashe ta kai inda aka yarda a zubar. Kar a tara su wuri ɗaya a tsakar falo, nauyi ne, a dinga saukewa ana fasawa. Kuma a fasa daga sama zuwa ƙasa layi layi, ba a tunkuɗe bango ya faɗi a kan dakin ba. Ƙura kuwa sai kin gani, a rufe ƙofofi da leda a manne, yara su bar gidan in da hali musamman mai asma. In tsohon gini ne a bincika asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗawa a wasu kayan gini, kafin a fasa komai, Birtaniya sai 1999 ta hana shi gaba ɗaya, Tarayyar Turai 2005, wasu ƙasashen har yanzu ana amfani da shi, ƙurarsa na lalata huhu kuma cire shi aikin ƙwararru ne mai tsada. Tsohon fenti ma yakan zo da dalma, Amurka a 1978 ta hana shi a gidaje.

Duk wannan in bangon baya ɗauke da komai kenan. In injiniya ya ce yana ɗauke da nauyi to magana ta canza, sai an tokare dakin da jak na ƙarfe, wani lokacin har a gidan na ƙasa, a saka bim na ƙarfe ko na kankare da abin da zai zauna a kai, in kankare ne sai ya yi kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuɗin zai ninka ba sau ɗaya ba. Saboda ƙafa uku ni dai ba zan ba ki shawarar shiga wannan ba, gara a sa wa yara gado mai hawa biyu da wadrob mai ƙofar turawa gefe.

Ki karɓi kiyasi wurin mutum uku a rubuce, kowane abu da layinsa, fasawa, kwashe shara, sabon bango, wuta, tayil, silin, fenti, ki ƙara kuɗin injiniya da na izini a sama, sannan ki ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na ko-ta-kwana domin sai an buɗe bango ake sanin abin da ke ciki. Kar ki biya duka a farko, kashi kashi bisa yadda aiki ke tafiya, ki riƙe na ƙarshe sai kin kunna kowane suwic kin gwada kowane soket. Wanda kuɗinsa ya fi na kowa ƙasa sosai ki tambaye shi me ya cire.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi na ƙaru. Maigida ya je wurin shugaban kwamiti, ashe akwai fom ɗin da ake cikewa kuma suna da kwafin zanen ginin, sun ce a kawo rahoton injiniya tukuna. Mun dakatar da maginin. Tayil ɗin ɗakin da na falo iri ɗaya ne alhamdulillah kuma wanda ya sayar mana ya bar kwali biyu a sito. Injiniya tambaya ɗaya ta rage min, shi jifsam ɗin nan zai riƙe talabijin kuwa? Kuma ba za a dinga jin ƙarar falo a ɗakin yara ba lokacin da suke barci?

Injiniya_Bene ya rubuta:

Zai riƙe Hajiya in an shirya masa tun farko. Ki nuna wa mai aikin daidai inda talabijin zai zauna kafin ya rufe allon, ya sa katako mai kauri ko falwud tsakanin ƙarafan a wurin, sukurorin su kama shi ba allon kaɗai ba, haka duk inda za ki rataye kantar ajiye kaya ta gefen yara. Maganar ƙara kuma, a cika tsakiyar da audugar dutse kar a bar ta fanko, a ninka allo biyu biyu ta kowane gefe in injiniyanku ya amince da ƙarin nauyin, bangon ya kai har jikin dakin ɗin sama ba ya tsaya a silin ba, a toshe duk kafar da ke gefe da ƙasa, kuma kar a sa soket ɗin falo da na ɗaki baya da baya a wuri ɗaya, ta nan ƙara ta fi ratsawa. In ya zo dubawa ki nuna masa zanen da kwamiti suka ba ku, ki ce ya sa a rahoton irin bangon da ya amince a gina da daidai layin da zai zauna.